Yadda A Ke Neman Ciwo A Cikin Wayar Haske

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, a wannan fitowa ina so in yi magana a kan wani aiki wanda kowannenmu ya ke cin moriyarsa kullum, amma kaɗan ne a cikinmu suka san yadda a ke yinsa. Watau aikin mutanen nan masu neman ɓarna a cikin na'urorin da ke aika magana ta hanyar haske. In ka buga wa iyayenka waya, ko an aiko maka da kuɗin makaranta ta banki, ko ƙanenka ya yi rajistar jarrabawa ta intanet, galibi saƙon nan ya kan bi ta cikin wani siririn zaren gilashi da aka binne a gefen hanya. Ran da zaren ya sami ciwo, sai ka ga mutane sun yi cirko-cirko a ƙofar banki, likita kuma ya kasa kiran wanda zai kawo wa majinyaci jini. Dalilina na biyu shi ne, hanyar da masu gyaran nan su ke bi hanya ce ta tunani mai tsari, irin wadda ya kamata kowane malami ya koya wa yaransa.

Asalin Abin

Tun cikin 1842 wani masani mai suna Daniel Colladon, mutumin Janiba, ya bayyana cewa haske ya kan bi ruwan da ke zuba daga hudar tulu, ya tanƙwara tare da shi. Dalili kuwa, in haske ya bugi bangon ruwan daga ciki a kaikaice, ba ya iya fita, sai ya koma ciki, ya yi ta haka har ƙarshen ruwan. Gilashi ma haka ya ke yi. Amma gilashin dā yana shanye haske ƙwarai, ba ya kai shi ko'ina. Sai cikin 1966 Charles Kao da George Hockham, a Ingila, suka nuna cewa ƙazantar da ke cikin gilashin ita ce mai shanye hasken. Suka ce in an tace shi har kashi 1 cikin 100 na hasken ya ragu bayan tafiyar kilomita 1, to, zai yi aikin waya. Cikin 1970 ma'aikatan kamfanin Corning a Amurka suka yi irin wannan zare. An ba Kao lambar Nobel cikin 2009 saboda wannan aiki. Zaren yau kuwa ya yi kyau har sai haske ya yi tafiyar kilomita 100 kafin ya ragu zuwa kashi 1 ɗin nan cikin 100.

Kaurin zaren kashi ɗaya ne cikin takwas na milimita, watau ya ɗan fi gashin kai kaɗan. A tsakiyarsa akwai wata ƙwaya inda hasken ya ke bi, kaurinta wajen kashi 9 cikin 1,000 na milimita. Ku riƙe wannan ƙanƙanta a zuciya, gama daga gare ta yawancin wahalar ta ke fitowa.

Hanyar magana tana da sassa uku. A wannan gefe akwai na'ura mai aikawa, cikinta da wata 'yar fitila da a ke kira leza, wadda ta ke walƙiya sau dubban miliyoyi a daƙiƙa ɗaya. A tsakiya akwai zaren, cikin igiya mai kauri da ke tsare shi. A wancan gefe akwai na'ura mai karɓa, tana da ido mai mai da haske ya zama lantarki. Galibi zare biyu a ke amfani da su, ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa. A kan haɗa fitilar da idon a cikin wani ɗan akwatin ƙarfe kamar tsawon yatsa, wanda a ke cusa shi a bakin katin na'ura. Zan riƙa kiransa ɗan akwatin haske. Katunan kuwa jere su ke cikin kabad na ƙarfe kamar littattafai a kanta.

Gargaɗi Tun Da Wuri

Kada mutum ya kuskura ya leƙa bakin zare ko bakin na'ura da idonsa don ya ga ko akwai haske. Idon ɗan Adam yana ganin hasken da tsawon zangonsa ya kama daga wajen nanomita 400 zuwa 700, amma hasken waya mai nisa nanomita 1310 ne ko 1550. Ba a ganinsa, saboda haka ido ba ya ƙiftawa ya kāre kansa, ga shi kuwa yana iya yi masa lahani. Na biyu, guntayen zaren da a ke yankewa sun fi ƙaya tsini, in sun shiga fata da wuya a gan su balle a cire. A kan tara su a cikin kwalba mai murfi, ba a kuwa cin abinci a kan teburin aikin.

Mataki Na Fari: A Saurari Na'urorin

Mai gyara na ƙwarai ba ya fara taɓa kome sai ya yi tambaya, gama matambayi ba ya ɓata. Yaushe abin ya fara? Gaba ɗaya ya mutu, ko yana zuwa yana komawa? Wane ne ya shiga ɗakin na'ura jiya, me kuma ya taɓa? Ana haƙa a gefen hanya?

Bayan wannan sai ya karanta ƙararrawar da na'urorin da kansu su ke bugawa, wadda ta ke bayyana a kwamfutar ofishin lura. Ciwo ɗaya ya kan ta da ƙararrawa da yawa, aikinsa shi ne ya rarrabe uwa da 'ya'ya. Bari in ba da misali da tashoshi uku a jere, a ce Jos, da Akwanga, da Lafiya. A ce hasken da ke tafiya daga Jos zuwa Akwanga ya ɗauke. Na'urar Akwanga za ta ce, ba na ganin haske. Wannan ita ce uwar ƙararrawa. Sa'an nan za ta aika wa Lafiya alama mai cewa, abin da na ke miƙo miki fanko ne, amma ciwon yana bayana. Za ta kuma mayar wa Jos da wata alama ta zaren dawowa mai cewa, ba na jin ki. Wanda bai san wannan ba sai ya ga ja a allon Lafiya ya kama hanya ya tafi can, ya ɓata yini guda a inda babu ciwo. Wanda ya sani kuwa ya riga ya gane abin yana tsakanin fitilar Jos da idon Akwanga.

In kuwa Jos da Lafiya duka biyu suna cewa ba su ganin haske daga Akwanga, ita Akwanga kuma ta yi tsit ba ta ce kome ba, to, sai a fara zaton wuta ce ta ɗauke a Akwanga.

Mataki Na Biyu: Wuta Da Zafi

Na'urorin waya galibi da wutar batir mai ƙarfin bolt 48 su ke aiki. Wutar gari ko ta janareta ita ke cika batiran ta hanyar na'urar caji. Saboda haka mai gyara, da shigarsa ɗaki, sai ya ɗauki mitar lantarki ya auna: wutar tana isowa kabad? Bolt nawa? In fis ya ƙone, ba a ɗaure shi da guntun waya yadda wasu su ke yi a gida. Fis mai gadi ne, ya mutu ne don ya ceci abin da ya fi shi tsada. Tilas a nemi abin da ya kashe shi tukuna, kana a sa sabo mai awo daidai da na dā.

A cikin kowane kati akwai wani sashe mai rage bolt 48 ɗin nan zuwa ƙananan awo, kamar bolt 3.3 da ɗan akwatin haske ya ke bukata. Wannan sashe ya kan yi zafi, zafi kuwa shi ne babban abokin gāban kayan lantarki. Akwai wani abu mai kama da 'yar ganga da a ke kira kafasita. Masu sana'ar suna da ƙa'ida cewa irin mai ruwa a ciki, duk ƙarin zafi na digiri 10 ya kan rage kwanansa da rabi. In ya gaji, wani lokaci sai ka ga kansa ya kumbura, katin kuma ya riƙa mutuwa yana tashi da kansa. Don haka a kan duba fankokin kabad ko suna juyawa, a duba ragar tace iska ko ƙura ta toshe ta. A ƙasarmu, lokacin hunturu, wannan raga ba ta daɗewa ba ta cika ba.

Hunturu yana da wata illa kuma. Kun san yadda riga ta kan yi ƙara da tartsatsi in an tuɓe ta da dare lokacin da iska ta bushe. Mutum ba ya jin irin wannan lantarki a jikinsa sai ya kai wajen bolt 3,000, amma abin da bai kai bolt 100 ba yana iya lalata wasu ƙananan sassan kati. Shi ya sa mai gyara ya kan ɗaura wani abin hannu mai waya da ke haɗe da jikin kabad kafin ya zare kati, ya kuma riƙe katin ta gefe-gefe.

Mataki Na Uku: A Auna Hasken

Tun da ya ke ba a ganin hasken, sai a auna shi da mitar haske. Awon da a ke amfani da shi sunansa desibel. Abu uku kaɗai za ku riƙe: hasarar desibel 3 ma'anarta rabin hasken ya tafi, hasarar desibel 10 ma'anarta kashi 1 cikin 10 ya ragu, hasarar desibel 20 kuwa, kashi 1 cikin 100. Amfanin wannan awo shi ne ana tara shi kamar kuɗin cefane.

Ga misali, lambobin na zaɓe su ne don sauƙin lissafi. A ce hanya mai tsawon kilomita 40 ce, zaren yana cin desibel 0.25 kowace kilomita: desibel 10 ke nan. Akwai wurare 10 da aka narka zare aka haɗa shi da wani, kowanne yana cin 0.1: desibel 1 ke nan. Akwai mahaɗi 2 irin na cusawa da zarewa, kowanne yana cin 0.5: wani desibel 1. Jimla 12. In fitila ta fitar da haske mai ƙarfin miliwat 1, wanda a ke ɗauka a bakin sifiri, ya kamata mita ta nuna −12 a wancan gefe. Desibel 12 rabi ne sau huɗu, watau kashi 1 cikin 16 na hasken ya iso.

To, a ce takardar na'urar ta ce idonta yana iya gani har zuwa −24, mai gyara kuwa ya auna ya sami −21. Waya tana aiki, ba wanda ya kawo kuka. Amma desibel 9 sun ɓace a wani wuri, hasken da ya iso kashi 1 ne cikin 8 na abin da ya kamata, saura desibel 3 kaɗai hanya ta mutu. Wanda ya rubuta awon ranar da aka kafa hanyar, shi ne zai iya gane wannan tun kafin dare ya yi masa. Wanda bai rubuta ba, ba shi da abin da zai gwada da shi.

A kan fara awon daga bakin fitila. In hasken ya fito da rauni tun daga can, ciwon na mai aikawa ne. In ya fito lafiya amma ya iso da rauni, na hanya ne. In ya iso lafiya amma na'ura ta ce ba ta gani, na mai karɓa ne. Da awo biyu an raba ƙasa uku.

Har wa yau, ɗan akwatin haske na zamani yana faɗin lafiyar kansa in an tambaye shi ta kwamfuta. Abu biyar ya ke faɗi: zafin jikinsa, da ƙarfin wutar da a ke ba shi, da yawan lantarkin da fitilarsa ta ke sha, da hasken da ya ke fitarwa, da hasken da ya ke karɓa. In leza ta fara tsufa, sai ta riƙa shan lantarki fiye da dā don ta ba da haske daidai da na dā, kamar tsohon jaki da sai an ƙara masa dusa kafin ya ɗauki kayan da ya saba. In an ga lambar nan tana hawa wata bayan wata, gara a canza shi da rana tsaka da a jira ya mutu da tsakar dare.

Ƙura, Babbar Ɓarauniya

Masu wannan sana'a sun yarda cewa dattin bakin mahaɗi yana cikin manyan abubuwan da ke kawo ciwo. Ku tuna da ƙwayar nan mai kashi 9 cikin 1,000 na milimita. Ƙwayar ƙura ɗaya, ko maiƙon yatsa, ya isa ya rufe ta. In kuma an cusa mahaɗin da ƙurar a kai, sai ta niƙe a tsakanin gilashi biyu ta ƙarce su duka. Dokar ita ce: a duba da madubin ƙara girma wanda aka yi don wannan aiki, in da datti a goge da ƙyalle marar gashi ko da alƙalamin goge mahaɗi, a sāke dubawa, sa'an nan a cusa. Ba a hura masa iskar baki, ba a goga shi a riga. Wanda ba a amfani da shi kuma a bar shi da hularsa.

A lura da launi kuma. Mahaɗi mai launin shuɗi bakinsa a miƙe ya ke, mai launin kore kuwa an goge bakinsa a karkace da digiri 8. In an haɗa shuɗi da kore ba su haɗuwa sosai, haske ya zube, bakunan kuma su lalace. Wani ciwon mai sauƙi shi ne a juya zare biyun, fitila ta fuskanci fitila, ido ya fuskanci ido. Wani kuma shi ne a lanƙwasa zare da yawa, ko ƙofar kabad ta matse shi, hasken ya tsiyaye ta gwiwar. Don irin wannan akwai wata 'yar tocila mai jar leza da ido ke gani. In an haska ta cikin gajeren zare, sai wurin da ya karye ko ya lanƙwashe ya yi ja ta cikin rigarsa.

Mataki Na Huɗu: Raba Biyu

Wannan ita ce zuciyar darasin. A ce hanya tana da sassa 16 a jere, ɗaya ya lalace. Mai bi ɗaya ɗaya yana iya yin gwaji 15 kafin ya same shi. Mai wayo sai ya gwada a tsakiya: ciwon yana cikin 8 na farko ko 8 na ƙarshe? Ya sāke rabawa, saura 4, saura 2, saura 1. Gwaji 4 kacal.

Yadda a ke yin wannan a wayar haske shi ne a mai da magana gida. A ɗauki guntun zare mai lafiya a haɗa fitilar na'ura da idonta na kanta. In ta ji muryarta sarai, ƙararrawa ta yi shiru, to, ita lafiya ta ke, ciwon yana gaba. Sai a matsa gaba, a mai da maganar daga can ƙarshen hanya. Inda ta daina dawowa, nan gizo ke saƙa. Amma akwai tarko a nan. Fitilar da aka yi don tafiyar kilomita 80 tana da ƙarfi ƙwarai, idonta kuma yana da taushi. In an haɗa su kai tsaye da zare mai tsawon mita 2, hasken yana iya makantar da idon. Tilas a sa wani ɗan abu mai rage haske a tsakani. Haske mai yawa ciwo ne kamar haske kaɗan.

Dabara ta biyu ita ce musaya. In ana zargin ɗan akwatin haske, sai a zare shi a sa wani wanda an tabbata lafiyarsa ƙalau, kuma irinsa ne. In ciwon ya bi akwatin da aka zare zuwa wani baki, akwatin ne. In ya tsaya a bakin da ya ke, katin ne. Sharaɗin shi ne a canza abu ɗaya tak a lokaci ɗaya. Wanda ya canza akwati da zare da kati gaba ɗaya, ko waya ta tashi, bai san abin da ya warkar da ita ba, ya kuma jefa kaya biyu masu lafiya cikin kwandon marasa lafiya. Katin da ya lalace kuwa ba safai a ke gyara shi a tasha ba, gama hanyoyin lantarkinsa hawa-hawa ne a cikin allon, sassansa kuma wasu ba su kai ƙwayar gero ba. A kan rubuta ciwonsa a takarda a manna masa, a aika da shi ma'aikata.

Mataki Na Biyar: Amsa-kuwwar Haske

In an tabbata ciwon yana cikin igiyar da ke ƙarƙashin ƙasa, ina za a haƙa a cikin kilomita 40? Ku tuna da yaro mai kiwo da ya yi ihu a gaban dutse. Sauti yana tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa. In muryarsa ta dawo bayan daƙiƙa 2, ɗaya na zuwa ne ɗaya na dawowa, dutsen yana nisan mita 340. Akwai na'ura mai yin haka da haske, ma'aikata suna kiranta da haruffa huɗu, OTDR. Tana harba guntun haske cikin zare, ta ƙidaya lokacin da ɓurɓushinsa ke dawowa. A sarari haske yana tafiyar wajen kilomita 300,000 a daƙiƙa, a cikin gilashi kuwa wajen 200,000. Saboda haka zuwa da dawowa na kilomita 1 yana cin kashi 10 cikin miliyan na daƙiƙa. In amsa ta dawo bayan kashi 170, ciwon yana wajen kilomita 17.

Na'urar tana zāna layi a allonta. Layi mai gangarowa sannu a hankali zare ne mai lafiya. Ɗan tsani ƙarami wurin narki ne ko lanƙwasa. Tsini mai tashi sama mahaɗi ne ko tsaga. Inda layin ya fāɗi ƙasa warwas, nan zare ya yanke. Don a bambanta lanƙwasa da mugun narki, sai a gwada da haske iri biyu, gama lanƙwasa ta fi cin mai 1550 a kan mai 1310, narki kuwa kusan daidai ya ke cinsu.

Sai dai nisan da na'urar ta faɗa nisan zare ne. Masu binne igiya su kan bar rara a naɗe a cikin kowane rami, saboda haka zare ya fi hanyar mota tsawo. Tilas a duba taswirar hanyar, a ƙidaya daga ramin haɗi mafi kusa, in da hali kuma a auna daga gefe biyu. In an sami wurin, sai a fere zaren, a yanke bakinsa daidai, a sa cikin na'ura mai narka baki biyu da tartsatsin lantarki ta haɗa su. Kowane zare yana da launin rigarsa, shuɗi, ruwan lemo, kore, ruwan ƙasa, har 12, don kada a aurar da zaren wani gari ga na wani.

Ciwo Mai Zuwa Da Komawa

Wannan shi ya fi wuya, gama sa'ad da mai gyara ya iso sai ya tarar kome lafiya. Maganinsa littafi ne da agogo. Na'urorin suna ƙidaya kurakuran da ke shiga cikin saƙo, su ajiye lissafin kowane minti 15. In kurakuran suna yawa da tsakar rana, a zargi zafi. In suna zuwa daidai lokacin da a ke juyawa daga wutar gari zuwa janareta, a zargi batir. In bayan ruwan sama ne, a zargi akwatin haɗi da ruwa ya shiga.

Don gudun yankewa, a kan shimfiɗa hanya kamar zobe, in gefe ɗaya ya yanke magana ta juya ta ɗaya gefen cikin kashi 50 cikin 1,000 na daƙiƙa, mai magana ko ji ba ya yi. Hatsarin shi ne, tun da ba wanda ya yi kuka, sai a yi sakaci da gyaran na farko, ran da na biyu ya yanke gari duka ya yi shiru. Ko hanyoyi da yawa ma, in wuri ɗaya suka bi, masifa ɗaya ta ishe su. Ran 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku, watau SAT-3, da MainOne, da WACS, da ACE, suka lalace a tekun da ke kusa da Abijan. Intanet ta yi rauni a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu, bankuna suka sha wahala, aka yi makonni kafin jiragen gyara su gama aikinsu. A kan tudu kuwa, aikin hanya, da gobarar daji, da ɓeraye, da ɓarayin da ke zaton akwai jan ƙarfe a ciki, su ne masu yanka igiya.

Rabon Malami A Ciki

Ba dukanmu za mu zama injiniyoyi ba, amma kowannenmu zai tsaya gaban aji. Gwajin Colladon ba ya bukatar kome sai gorar roba, da ƙusa, da tocila, da ɗaki mai duhu. Na yi shi da yaran aji shida lokacin koyon koyarwa: aka huda gorar kusa da gindi, aka haska ta ɗaya gefen, suka ga haske ya bi ruwan ya sauka a tafin hannun ɗayansu. Raba biyu kuma ana iya koyar da shi da batir, da ƙwan tocila, da guntayen waya 8 waɗanda aka ɓoye yankakke ɗaya a cikinsu. A raba yara ƙungiya-ƙungiya, a ga wace ce za ta same shi da gwaji 3. Ko yaron da ya kasa dogon lissafi, haka ya kamata mu bi da shi: mu nemi layin da kuskuren ya fara, maimakon mu ja jan layi a kan shafin duka. Mu kuma gaya wa yaranmu su gaya wa iyayensu cewa igiyar da ke gefen hanya gilashi ce, ba ta da jan ƙarfen sayarwa, kuma wayar asibitin garinsu a cikinta ta ke.

Ga tambayoyi uku don masu son gwada kansu. A kawo amsa ga Edita kafin fitowa ta gaba.

1. Hanya mai kilomita 60, kowace kilomita tana cin desibel 0.25, da wuraren narki 15 masu cin 0.1, da mahaɗi 2 masu cin 0.5. Nawa ne jimlar hasara?

2. Amsar haske ta dawo bayan kashi 250 cikin miliyan na daƙiƙa. Ina ciwon ya ke, kuma don me ba za a fara haƙa daidai wurin nan a kan hanyar mota ba?

3. Hanya tana da sassa 64 a jere, ɗaya ya lalace. Gwaji nawa mai raba biyu zai yi?